Ana Jiranka a Gida

Lokacin da na auri maigidana, a tasha ba mai kiransa da sunan yanka. Kibiya suke ce masa. Wata farar bas yake ja tsakanin garinmu da babban birni, kuma duk mai sauri, ɗalibi mai jarrabawa ko mai zuwa ganin likita ko ɗan kasuwa, motarsa yake jira ko da akwai wata a kan layi. Shi kuwa sunan yana yi masa daɗi. In ya dawo da yamma ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, kafin ya wanke hannu sai ya ba mu labarin motocin da ya wuce a hanya, har da kwaikwayon kukan inji da baki. Yara su yi ta dariya. Ni da Inna, mahaifiyarsa, mu dubi juna.

Gidanmu ciki biyu ne da falo da ɗan baranda mai kallon titi. Keken ɗinkina yana jikin taga, in na ɗaga kai ina hango bakin layi inda motarsa ke karyo kwana. Inna kuwa da rana ta yi sanyi take jawo kujerarta ƴar tsugune zuwa bakin ƙofa, wai iska take sha. Duk mun san ba iska ba ce. Ta san hon ɗin ɗanta a cikin na motoci ɗari, kuma sai ta ji shi take tuna cewa ƙafafunta na ciwo, ta tashi ta shige ciki.

Na yi magana har na gaji. In na ce ya rage gudu, sai ya ce mota ta san mai ita. Inna ta ce masa sannu ba ta hana zuwa, ya ce ta ƙarasa karin maganar mana, ai sai dai a daɗe ba a je ba. Ta ɗaga mafici za ta kwaɗa masa, ya goce yana dariya. Haka zancen ke ƙarewa kullum.

Ina da ƙane da ke aiki a wani shagon ɗaukar hoto, har mu ƴan gida Mai Hoto muke ce masa. Wata rana ya zo karɓar wandon da na rage masa tsawo, ya tsaya a tsallaken titi yana kallonmu kamar bai taɓa ganinmu ba. Da ya ƙaraso ya zauna ya sha ruwa, sai ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce ofishin kiyaye haɗurra ne ya ba shagonsu aikin sabon allon gargaɗi. Shekara da shekaru suna kafa hotunan motoci da suka yi raga-raga, har idon direbobi ya saba, ba mai ƙara kallo. Yanzu shugabar sashen tana son a gwada wani abu dabam, hoton iyali a bakin ƙofa suna jiran mai gida. Sun ɗauko mutane sun yi musu kwalliya sun ɗauka, amma duk wanda ya ga hoton sai ya ce tallan sabulu ne.

“Yaya, ku nake nema ashe,” in ji shi. “Yadda na same ku ɗin nan, haka kawai.”

Na ce ya rufa mini asiri, ina ni ina hoto a bakin titi ba da sanin maigida ba. Inna da ke sauraro ta tambaye shi inda za a kafa allon. Ya ce a babbar kwanar nan ta gangare, kafin a kai gada. Ta tambaya ko ɗanta na bi ta nan. Ya ce kullum, zuwa da dawowa.

“Je ka ɗauko abin hoton,” in ji ta. “Ni na haife shi, ni zan ba da amsa.”

Washegari na ci ado, na sa wa yara kayansu na fita. Mai Hoto yana zuwa ya ce duk mu tuɓe mu mai da na zaman gida. Har tef ɗin awo ya sa na mayar wuyana. Inna dai ta ƙi sakin sabon mayafinta, ta ce ba za ta shiga duniya da tsumma ba. Yayansu, babban ɗanmu, ya haɗe rai don an hana shi zuwa ƙwallo. Ƴarmu ta tsakiya, wadda muke ce wa Aku saboda surutu, ta zubar da haƙoran gaba a lokacin, kuma ta ƙi rufe baki. Auta aka neme masa takalmi ɗaya aka rasa, aka bar shi da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ya ce mu kalli bakin layi yadda muka saba. Abin da muke yi kullum ba tare da tunani ba, ranar ya gagare mu. Mun sandare kamar an kafa mu, Aku tana ta ƙyalƙyala dariya. Ya ɗauka ya sake ɗauka, yana tsaki. Ana cikin haka wata mota ta danna hon a bakin layi, irin na maigida sak, duk muka juya a tare, har Inna ta ɗan yunƙura daga kujera. Motar wani ce dabam. Da muka waiwayo, Mai Hoto yana mai da abin hotonsa jaka.

Makonni suka wuce har na manta. A raina ma na ɗauka abin bai wuce girman kalanda ba.

Yadda maigida ya fara ganinsa, daga bakin maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa na ji, domin tana cikin motar ran nan. Ta ce sun taho a guje kamar kullum, suna karya kwanar sai ya taka birki har kawunansu suka gwaru da kujerun gaba. Ya yi baya-baya da mota, ya kashe, ya fita ya tsaya riƙe da ƙugu ya ɗaga kai. Allo ne ya fi faɗin bangon ɗaki, a kan ƙafafun ƙarfe dogaye. Ga uwarsa, ga matarsa da tef a wuya, ga ƴaƴansa uku, duk sun zuba wa hanya ido. A ƙasa an rubuta da jan fenti: Direba, rage gudu. Ana jiranka a gida. Fasinjoji suka yi ta tambayar ko lafiya. Maƙwabciyar nan, da ba a taɓa jin magana ta kwana a cikinta ba, ta ba su labari tun daga kaka har jika.

Ran nan ba a yi kwaikwayon inji ba. Ya rataye makulli, ya dube ni, ya wuce ɗakin Inna. Ina jin su ta bango. Ya ce an mai da shi abin dariya, an baje iyalinsa a titi kowane ɗan iska yana kallo. Ta bar shi ya gama tsaf.

“Ka ga fuskar da na yi a hoton nan?” ta tambaye shi.

Ya ce ya gani.

“To, ita nake yi kullum tun ranar da ka fara riƙe sitiyari. Kai ne ba ka taɓa gani ba, don in ka iso ta riga ta sauka. Matarka ta ƙi, ni na sa ta. In faɗa za ka yi, ga ni.”

Da wa zai yi faɗa? Ya fito ya zauna a baranda. Kwanaki ya yi ba ya ce mini komai ban da gaisuwa, amma abinci kam bai taɓa mayar da shi ba, shi ya sa hankalina bai tashi sosai ba. Mai Hoto kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, wandonsa na biyu ma aike ya yi aka karɓar masa.

A tasha suna ya canza. Kibiya ya koma Mijin Allo. Ƴan kamasho in suna kiran lodi sai su ce a shigo da sauri, ana jiran direba a gida. Babban mai zolayarsa shi ne Dogo, amininsa tun suna koyon tuƙi, wanda suke tsere da shi a hanya kamar yara. In sun haɗu sai Dogo ya sa hannu a goshi yana leƙen nesa, wai shi ne Inna.

Ba zan ce allon ya gyara shi nan take ba. Da farko ma ƙara wuta yake yi in ya zo wurin, don ya wuce da wuri kada ya haɗa ido da mu. Amma fasinjoji sun samu abin yi. Da an hango allon sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, direba, ana jiranka fa, mota ta kwashe da dariya. Wata rana jami'in hanya ya tsare shi a gindin allon kan gudu, ya nuna masa rubutun ya tambaye shi ko ya iya karatu. Wata tsohuwa a gidan gaba ta ce ai ba karatu kaɗai ba, mutanen ciki ma nasa ne. Jami'in ya dubi allo, ya dubi direba, ya miƙa masa takardunsa ya ce ya gaida Inna. Wannan ya fi masa biyan tara ciwo, shi da kansa ya faɗa mini daga baya.

Cikin damina abin ya faru. An yi ruwa da hantsi, titi ya yi santsi. Dogo ya wuce maigida a gangaren nan yana danna masa hon na tsokana. Maigida ya ce ya kai hannu zai canza giya ya bi shi, sai ya fasa, kuma har yau bai san dalili ba. Yana karya kwana ya tarar da motar Dogo a kife a bakin gada, tayoyi na juyawa a sama. Ya sauke fasinjojinsa a cikin yayyafi, aka kwashi masu rauni aka zuba a motarsa, ya kai su asibiti. Mutum biyu ba su kai ba. Dogo ya rayu, amma an yanke masa ƙafa daga gwiwa.

Ya dawo kafin faɗuwar rana, rigarsa duk jini. Inna na ganinsa ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ya ce mata ba nasa ba ne. Na karɓi rigar na jiƙa a bokiti. Ya biyo ni tsakar gida ya tsuguna kusa da ni ina wanki.

“Matar Dogo ta zo asibiti da ludayi a hannu,” ya ce. “Girki take yi aka faɗa mata. Har muka rabu ba ta san tana riƙe da shi ba.”

Na ci gaba da cuɗa rigar. Ya karɓi guga ya ɗebo mini ruwan ɗauraya.

Ko allon ne ya sa shi rage gudu, ko ƙafar Dogo, ko girma da ya fara kama shi, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san masu sauri sun koma wasu motocin, tsofaffi da masu goyo suka dawo tasa. Dogo da ya warke aka ba shi teburin yankan tikiti a tasha, kuma bai daina zolaya ba. Yakan ce wa fasinja, in kana son ka isa yau ga waccan, in kana son ka isa lafiya ga Mijin Allo, sai dai ka tanadi guzuri.

Bayan damina ta ɗauke, wata ranar hutunsa ya ce mu shirya, zai kai mu mu ga kanmu. Ya wanke bas ɗin tas, muka shiga mu kaɗai, kowane yaro ya kama layin kujeru guda. Ya aika aka kira har Mai Hoto, ya zo yana raɓe-raɓe, maigida ya ce masa ya shiga gaba, in an yi karo shi zai fara ji. Inna ta zauna a bayan direba tana riƙe da kafaɗar kujerarsa, ita ce mai ba da umarnin tuƙi duk da ba ta san birki da totur ba.

Muka sauka a gindin allon, na ɗaga ido. Kaina kaɗai ya kai girman tayar mota. Ana ganin har zaren da ya maƙale a zanina. Aku ta yi ta tsalle tana ƙirga giɓinta, Auta ya fashe da kuka wai a ba shi takalminsa da ke sama. Inna ta ja da baya, ta sa hannu ta kare rana, ta ƙare wa kanta kallo, sannan ta ce wa Mai Hoto ya ƙara mata hanci, ita ba haka hancinta yake ba. Ya rantse bai taɓa komai ba. Ta ce to mayafin dai ya fito. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar allon muka ci abin da na ƙunso, motoci na wucewa suna danna mana hon, wasu na rage gudu suna nuna mu da yatsa, su dubi sama su dubi ƙasa. Maigida da ya yi fushin kwanaki a kan wannan kallon, ran nan shi ke ɗaga musu hannu.

Tun daga nan allon ya zama nasa. Yana ajiye adda a ƙarƙashin kujera don sare ciyawar da ke rufe ƙafafunsa. Lokacin zaɓe da aka liƙa fastar wani a kan fuskar Inna, ya ari tsani a wani ƙauye da ke kusa, ya hau da soso da ruwa, fasinjoji na riƙe masa tsanin.

Inna ta rasu a shekarar da Yayansu ya gama sakandare, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kujerarta ta daɗe a bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗauke ta. Fasinjojinsa na kullum suka ce mini tun daga lokacin, in ya zo kwanar nan yakan rage rediyo, ya ɗan ɗaga yatsu daga sitiyari, irin gaisuwar da direbobi ke yi wa juna. Ba wanda ya ƙara yi masa ihun ana jiranka.

Rana ta yi ta cin hoton a hankali. Ja ne ya fara tafiya, rubutun ya koma ruwan hoda, daga baya duk muka zama shuɗaye kamar mutanen cikin ruwa. Yara suka girma suka bar waɗancan na sama a ƙananansu. Aku ta yi aure, mijinta yakan ce tun yana ɗan makaranta yake wuce ta a hanya ba haƙora. Ofishin ya kafa wasu alluna a wasu wurare, masu hasken lantarki da ke nuna wa direba gudunsa, namu dai aka manta da shi a tsaye.

Sai aka zo faɗaɗa hanya. Maigida yana kwance a lokacin, an yi masa aikin ido, aikin da bayansa likita ya ce ya haƙura da tuƙin haya. Dogo ne ya zo duba shi ya faɗa masa cewa katafila ta kai kwanar, an sauke allon. Da ya samu sauƙi ya matsa sai an kai shi. Auta ne ya ja mu a ƙaramar motarsa, uban yana gefe yana yi masa gyaran tuƙi tun daga ƙofar gida.

Wurin ya canza har ban gane shi ba. An miƙar da kwanar, an yi sabuwar gada. Muka yi ta tambaya, daga masu aikin hanya zuwa mai sayar da lemo, har aka nuna mana rumfar wani mai facin taya can gaba kaɗan. Ashe da aka sauke allon an wargaza falankinsa an watsar, kowa ya ɗauki na ɗauka. Mai facin ya samu biyu, ya yi bangon rumfarsa da su don tare rana. Ɗaya rubutu ne, rabin kalma. Ɗayan kuwa Inna ce daga kafaɗa zuwa gwiwa, hannunta a kan cinya, da gefen mayafinta, sai ƙafar Auta marar takalmi a can ƙasa. Fuskokin ba wanda ya san inda suka yi.

Maigida ya tsuguna a gaban falankin ya goge ƙurar da hannun riga. Mai facin, da ya ji ko su wane ne mu, ya rikice, ya ce bari ya ɗauko guduma ya cire mana yanzu. Maigida ya tambaye shi ko rumfar na da wani bangon in an cire wannan. Ya ce zai nema. Akwai matafiya a zaune a kan benci a inuwar, suna jiran a gama musu taya, har da wata mai jariri.

“Bar shi,” in ji maigida. “A gida ma ina za mu sa shi?”

Mai facin ya kawo mana benci, ya aika aka sayo mana shayi. Muka zauna muka sha, maigida yana ba matafiyan labarin Inna da hancinta, da tsanin da ya ara, da yadda ake ce masa Kibiya a zamaninsa. Wani saurayi a cikinsu ya dube shi, tsoho da tabarau mai kauri, ya yi murmushin rashin yarda. Maigida ya ce ya tambaye ni. Na ce gaskiya ne, kuma ni ce shaida don ni na sha wahalarsa.

Da rana ta fara sanyi Auta ya ce mu tashi, yana da aiki washegari. Maigida ya sa mai facin ya duba iskar tayoyinmu duka kafin mu kama hanya, ko da yake lafiyarsu lau. A dawowa bai yi gyaran tuƙi ba. Ya jingina kai da gilashi, kafin mu kai gada barci ya ɗauke shi, na miƙa hannu daga baya na cire masa tabarau don kada ya faɗi.